Wardin Ta'if a Kan Takarda: Jagorar Koya wa Yara Kalmomin Kallo Ɗaya ta Hanyar Shafa Kala

Yaron da ya tashi a gidan Hausawa a Makka, ko Jidda, ko Madina, yana ɗaukar kayan da suka fi na tsaransa nauyi tun kafin ya cika shekara bakwai. A gida Hausa yake ji, a makaranta da kan layi Larabci ne, sannan tun daga shekarar karatu ta 2021 Ma'aikatar Ilimi ta Saudiyya ta sauko da Turanci zuwa aji ɗaya na firamare. Harsuna uku ke nan da rubutu iri biyu, ɗaya yana tafiya daga dama zuwa hagu, ɗayan kuma daga hagu zuwa dama. Na daɗe ina zama da yaran gidanmu da na maƙwabta bayan sallar la'asar muna bitar karatu, kuma abin da na lura da shi shi ne, mafi yawan tuntuɓen da suke yi a kan ƙananan kalmomi ne, waɗanda ke dawowa a kusan kowane layi. Idan yaro sai ya tsaya ya haɗa baƙi da wasali duk lokacin da ya ci karo da “da” ko “ne” ko “akwai”, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta, ga gajiya, ga ƙosawa.

Irin waɗannan kalmomi su ne malaman makarantun nan ke kira kalimat basariyya, ni kuwa ina kiran su kalmomin kallo ɗaya, wato waɗanda ake so yaro ya gane su da zarar idonsa ya sauka a kansu, kamar yadda yake gane fuskar mahaifiyarsa a cikin taron mata. A ɓangaren Turanci an daɗe da tattara su: wani malami a Amurka mai suna Edward Dolch ya fitar da jerin kalmomi 220 a shekarar 1936, daga baya kuma Edward Fry ya tsara nasa jerin da ya kai kalma 1,000. Shafa kala hanya ce ta sa yaro ya maimaita kalma ɗaya sau goma ko fiye a zama guda ba tare da ya ji an takura masa ba, amma tana aiki ne kawai idan an tsara ta yadda ba zai iya shafa kalar ba sai ya karanta kalmar. A kan wannan sharaɗi duk matakan da ke tafe suka dogara.

Mataki na farko: zaɓen kalmomi

A fara da kalma uku ga yaro ɗan shekara huɗu zuwa biyar, ko biyar ga wanda ya shiga aji ɗaya, kuma a tabbata biyu daga ciki ya riga ya san su, domin yaron da ya buɗe takarda ya ga komai baƙo ne zai karaya tun kafin ya ɗauki fensir. Kada a haɗa harshe biyu a takarda ɗaya. Idon yaro yana buƙatar ya san daga wane gefe zai fara, kuma haɗa Larabci da boko a zane guda yana jawo karanta kalma a juye.

A Hausa, babu amfanin fassara jerin Dolch, domin abin da ke yawan zuwa a Turanci ba lallai ne ya zama shi ke yawan zuwa a Hausa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki tatsuniya ɗaya da yaron ya sani, a rubuta ta, a ja layi a ƙarƙashin kalmomin da suka fi maimaituwa. Za a tarar su ne irin su da, na, ta, ya, ba, ne, ce, shi, ita, sai, kuma, wannan, akwai, babu. Rubutun boko yana bin lafazi sosai, don haka wahalarsa ga yaranmu tana wajen baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ, waɗanda babu su a Turancin da suke gani a makaranta. Yaron da bai saba ba zai karanta “ɗa” ya ce “da”, ya karanta “baƙi” ya ce “baki”, ya karanta “ƙafa” ya ce “kafa”, alhali ma'anoninsu hannun riga ne. Irin waɗannan tagwaye suna da kyau ƙwarai a wannan aiki, sai dai ba a makon farko ba. A bari sai ya riƙe ɗaya da kyau kafin a kawo masa ɗan'uwansa.

A Larabci kuwa, waɗanda suka fi cancanta su ne waɗanda rubutunsu ya saɓa wa lafazinsu. Kalmar هذا ana jan harafin farko idan ana furta ta, amma ba a rubuta alifin ba, haka ma ذلك da لكن. Kalmomin الذي da التي ana rubuta su da lamun ɗaya ko da yake a baki ninki ne. Yaron da ya yi Ƙa'ida Bagadadiyya ya iya haɗa harafi da wasali, amma waɗannan sai an nuna masa su daban. A Turanci ma haka ne da irin su “the”, “said”, “was” da “of”.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon iyaye su kiyaye: kada a sa sunan Allah, ko wani yanki na aya, a takardar shafa kala. Takarda ce da za a goga mata fensir, ta faɗi ƙasa, ƙaramin yaro ya taka ko ya yaga. Waɗannan suna da wurin koyonsu a allo da littafi.

Mataki na biyu: zaɓen zane

Lokacin da Larabawa ke kira rabi'i, wanda yake farawa wajen 20 ga watan Maris a lissafin rana, sau da yawa ana fassara shi da bazara, amma bazarar da iyayenmu suka sani a ƙasar Hausa lokacin zafi ne da jiran ruwa, rabi'i kuwa lokacin sanyin iska ne da fitowar furanni bayan ruwan hunturu. Na kawo wannan ne saboda yawancin zanen da ake saukewa daga intanet na rabi'in Turai ne da Amurka, cike da furanni da tsuntsayen da yaronmu bai taɓa gani ba, don haka ba shi da abin faɗa a kansu. Alhali a ƙasar nan muna da namu rabi'in, kuma yana da kyan da ya isa a zana.

Ga wardin Ta'if, garin da ke kan duwatsu sama da mita 1,800, wanda daga Makka bai kai tafiyar kilomita 100 ba ta hanyar Hada. A watannin Maris da Afrilu ake tsinke shi a gonakin Hada da Shafa, da sassafe kafin rana ta yi zafi ta kwashe ƙamshinsa, a kai shi inda ake dafa shi a manyan tukwane a tace ruwan wardi da turare. An san shi da ganyen fure talatin, kuma ruwan wardi na cikin abin da ake gauraya wa da zamzam idan za a wanke Ka'aba. Yaron da aka faɗa wa wannan zai riƙe fensirinsa da wata irin kulawa. Ga kuma huzama, furen nan mai launin shunayya da ke rufe sahara a arewacin ƙasar idan an samu ruwa mai kyau, wanda saboda shi ne a 2021 aka sauya launin shimfiɗar tarbar manyan baƙi daga ja zuwa shunayya. Ga bishiyar dabino a lokacin da take fitar da fure, ga gajimare a kan dutse, ga bakan gizo, ga ƙudan zuma, ga biran da ke zama a gefen hanyar Hada. Wanda yara suka fi so a wurina shi ne malam-buɗe-littafi, domin sunansa kaɗai ya isa a buɗe hira da shi, kuma fukafukansa biyu suna ba da fili mai faɗi na rubuta kalmomi. Gidajen da ba sa son zanen abu mai rai ba su rasa komai ba: furanni, itatuwa, duwatsu da gajimare sun wadatar har ƙarshen lokacin.

Ba sai an iya zane ba. A ɗauki farar takarda A4, a kifa kofin shayi a tsakiya a zagaye shi da baƙin alƙalami, sannan a zana ganyen fure shida ko takwas masu faɗi a kewayensa, a ja kara zuwa ƙasa da ganye biyu. Kowane fili ya kai faɗin yatsu uku na babba, domin hannun yaro bai iya tsayawa a ƙaramin wuri ba, kuma idan filin ya matse, hankalinsa zai koma kan kada ya tsallake layi maimakon kan kalmar.

Mataki na uku: rubuta kalmomi da mabuɗin launi

A cikin kowane fili a rubuta kalma ɗaya da baƙin alƙalami, da rubutu mai girma, irin wanda yaron ke gani a littafinsa. Kowace kalma ta fito aƙalla sau uku a wurare daban-daban, kuma kada a jera ta a filayen da ke maƙwabtaka da juna, don kada ya shafe su a tafi ɗaya. Sannan a ware wa kowace kalma launinta: misali “da” ruwan hoda, “ne” kore, “akwai” rawaya, “sai” shuɗi.

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowane yawa, kuma ni ma na yi shi. Idan aka sa “ne” a duk ganyaye, aka sa “da” a duk furen, yaro mai wayo zai gane cewa ganye kore ne, fure ruwan hoda ne, ya shafe takardar tas bai dubi harafi ɗaya ba. Maganin wannan shi ne a zaɓi zanen da launinsa ba a sanin shi tun daga nesa, kamar fukafukin malam-buɗe-littafi, ko kwandon furanni iri-iri, ko kuma a raba ganye ɗaya gida biyu, rabi kore mai duhu, rabi kore mai haske, kowane da kalmarsa.

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Wata rana na ba ɗan ƙanena zanen wardi, na rubuta mabuɗin launin a saman takardar, na shiga kicin. Ban daɗe ba ya biyo ni da gudu yana cewa, “Gwaggo, na gama, duba ki gani!” Babu kuskure ko ɗaya a launukan. Na ɗora yatsa a kan fili guda na ce, “Madalla, ɗan gidan Gwaggo, to karanta mini wannan.” Ya dubi kalmar, ya dubi saman takardar, ya ce, “Wannan ita ce ta rawaya.” Ashe kama da kama yake haɗawa, kamar mai neman ɗan'uwan takalmi, bai san cewa kalmar “akwai” ce ba. Tun daga ranar na daina rubuta mabuɗin a takardar yaro. Ina riƙe shi a hannuna, ina faɗa da baki: “Nemo mini duk inda aka rubuta akwai, ka shafa masa rawaya.” Da haka dole ya tashi daga sautin da ya ji zuwa rubutun da yake gani, wanda shi ne karatu.

Mataki na huɗu: gabatar da kalma kafin a taɓa fensir

Sunan kalmomin kallo ɗaya yana sa wasu su ɗauka cewa haddace siffar kalma ake yi kamar hoto. Binciken masana karatun yara, musamman na Linnea Ehri a Amurka, ya nuna cewa kalma tana zama daram a ƙwaƙwalwa ne idan yaro ya danganta haruffanta da sautukan da ke cikinta, sannan ya maimaita haɗuwa da ita har ta zama ba ya buƙatar tsayawa. Saboda haka minti biyu ko uku na farko na gabatarwa ne. A rubuta sabuwar kalmar a ƙaramin kati, a furta ta, yaro ya maimaita, a bi haruffanta da yatsa ɗaya bayan ɗaya ana faɗin sautinsu, sannan a sa ta a jimlar da ta shafi zanen, kamar “Akwai wardi a Ta'if.” Idan kalmar tana da wurin da ya saɓa wa ƙa'ida, a nuna masa wurin kai tsaye, a ce masa, “Ka ga nan, muna jan sautin amma ba a rubuta alif ba, wannan wurin ne za ka riƙe.” Yara suna karɓar irin wannan bayani fiye da yadda manya ke zato, kuma yana hana su ɗaukar cewa rubutu abu ne marar tsari.

Mataki na biyar: zaman shafa kala

A zauna kusa da yaron, a gefensa, domin wanda ya zauna a gabansa yana ganin takardar a juye. Fensiran su kasance a hannun babba. Yaro ya nemo kalmar, ya ɗora yatsa a kanta, ya faɗe ta da ƙarfi, sannan a miƙa masa fensirin. Idan ya gama fili ɗaya zai koma na gaba, ya sake faɗin kalmar kafin ya fara. A roƙe shi ya shafa a hankali yadda rubutun zai ci gaba da fitowa ta ƙarƙashin launin, shi ya sa fensirin kala ya fi alƙalamin maka, wanda tawadarsa ke binne kalmar har ta huda takarda. Kalar nan mai kama da kakin zuma tana da daɗin riƙewa ga ƙananan hannu, sai dai kada a manta ta a cikin mota, domin zafin Makka yana narkar da ita. Duk waɗannan ana samun su da araha a maktaba, wato shagon littattafai da kayan rubutu, ko a shagunan kayan araha da ake kira abu riyalaini.

Idan ya yi kuskure, kada a ce masa “ba haka ba ne” a tsaya nan. A ce, “Duba harafin farko, wane sauti yake yi?” Idan ya yi shiru na ɗan lokaci bai samo ba, a faɗa masa kalmar, ya maimaita, a wuce, sannan a dawo kanta bayan fili biyu. Idan kuwa ya riga ya shafa launin da ba shi ba, a bar shi haka, kada a goge, kada a yaga takardar. A sa ɗan ɗigo a gefe don babba ya tuna cewa wannan kalma tana buƙatar dawowa gobe.

Minti goma zuwa sha biyar sun isa. Da zarar an ga ya fara karce takarda da sauri, ko yana tambayar yaushe za a gama, a ajiye, ko da saura rabin fure, a ce masa gobe za a ƙarasa. Yaron da aka tsayar yana sauran marmari shi ne zai zo da kansa washegari ya ce, “Umma, ina wardina?” Idan yaran suna da yawa, kamar yadda gidajenmu suke, a ba kowa zane iri ɗaya amma a sauya wuraren kalmomin, don kada ƙarami ya leƙa na yayansa ya kwafa. Babban kuma ana iya ba shi riƙon mabuɗi ya riƙa kiran kalmomin, wanda shi ma bita ce a gare shi.

Abu biyu ƙanana: bahago a karkata masa takardar zuwa dama kaɗan, a bar shi da hannunsa. Yaron da kullum yake rikita ja da kore, ko da ya karanta kalmar daidai, wataƙila idonsa ne ba ya bambance su, abin da ya fi yawa a cikin maza, don haka a miƙa masa fensirin da hannu, a kuma ambata wa likitan ido.

Mataki na shida: fitar da kalma daga cikin zane

Kalmar da yaro ya sani a cikin fure kaɗai ba ta gama zama tasa ba. Bayan an gama shafawa, a juya bayan takardar, babba ya rubuta gajeriyar jimla da kalmomin ranar, yaro ya karanta, sannan ya rubuta kalma ɗaya da hannunsa ba tare da ya duba ba. Daga nan a buɗe littafinsa na makaranta, ko wani littafin labari, a ce ya farauto kalmar a shafi guda, duk inda ya same ta ya ɗora ƙwayar dabino ko wake. Na Larabci da Turanci kuwa suna ko'ina a kan hanya, a allunan shaguna da jikin kwalin madara, sai a riƙa tambayarsa idan an fita. Na Hausa ne ba zai gani a titi ba, don haka nauyinsu yana kan gida: a rubuta wa kakarsa gajeren saƙo a WhatsApp, a bar shi ya nemo “da” da “kuma” a ciki kafin a tura.

Tsarin mako da ya yi mini aiki shi ne zama uku. Ranar Lahadi, da aka koma makaranta, sabon zane da sababbin kalmomi biyu. Ranar Talata, kalmomin nan dai amma a wani zane daban, an sauya musu launi, domin kada “akwai” ta manne da rawaya har abada a kansa. Ranar Alhamis babu zane, katuna kawai: a nuna kati, idan ya faɗa nan take ba tare da ya motsa leɓe yana haɗawa ba, kalmar ta shiga ambulan na waɗanda aka riƙe, idan ya yi jinkiri ta koma zanen mako mai zuwa. Waɗanda ke cikin ambulan ma a riƙa zaro ɗaya ko biyu bayan mako biyu ana cusa su a sabon zane, domin abin da aka daɗe ba a gani ba yana dusashewa. Harsunan kuma a ba kowane makonsa, ko a ba Larabci da Turanci ranakun makaranta, a bar wa Hausa safiyar Asabar.

Idan an yi wata biyu ana wannan a kai a kai, yaro ya haura shekara bakwai, amma kalmomi uku ko huɗu sun ƙi zama, yana juya b da d a kowane lokaci, ko yana kasa jin cewa “fure” da “fari” da sauti ɗaya suka fara, to a je a zauna da malaminsa a nemi a duba shi, a kuma gwada idonsa da kunnensa. Wannan ba rashin ƙoƙari ba ne daga wajensa, kuma tsawa ba ta gyara shi.

Takardun da aka gama a rubuta musu kwanan wata a baya, a liƙa biyu ko uku a jikin firji daidai tsayin idon yaro, sauran a adana su a fayil. Wanda Allah ya hore masa ya kai yara Ta'if a cikin Afrilu, ya tafi da zanen wardin a jaka, a tsaya a gona a bar yaro ya riƙe takardarsa kusa da furen gaske, ya ƙirga ganyen ya ga ko sun kai talatin. Idan zafi ya shigo furanni suka ƙare, sai a koma zanen nonon dabino, kowace ƙwaya da kalmarta, wasu a shafa musu rawaya, wasu ja, waɗanda suka nuna kuma ruwan ƙasa, a ɗauko ambulan a zaɓi waɗanda za su dawo tare da sababbi biyu na makon.